Shekarar da Aminina Ya Sayar da Irin Rakena

Wanda bai taɓa noman rake ba zaƙinsa kawai ya sani. Mu da muka tashi a cikinsa ƙaiƙayinsa muka fara sani. Shekara guda cur yake yi a gona yana cin taki, yana shan ruwa, yana yanka maka hannu da ganye, sa'an nan ranar da ya isa sara wani mai babbar riga ya sauko daga mota ya taya shi kamar alfarma yake yi maka. Ni malamin firamare ne a Gazara, amma albashi bai taɓa riƙe gidana ba. Fadamar da mahaifina ya bar mini ita ke ciyar da mu, ita ce kuma ta tanƙwara mini baya tun ban kai shekarun tanƙwarewa ba.

Sai na ɗan yi bayani saboda wanda ba ɗan fadama ba. Rake sau biyu ake cin moriyarsa a shuka ɗaya. Shekarar farko shi ne sabon shuka, mai kauri, gaɓoɓinsa dogaye, idanunsa lafiyayyu. In aka sare shi, tushen da ya rage a ƙasa yakan sake tohowa, wannan shi muke kira gyauro. Gyauro yana sayuwa, ana sha, amma ya fi siranta, tsutsa kuma ta fi samun sa. Bayan shi sai a tumɓuke tushen gaba ɗaya a yi sabuwar huɗa, domin na uku da ƙyar yake biyan takinsa. To iri, wato sandunan da ake yayyankawa a binne, daga sabon shuka ake ɗiba. Ka ga ke nan shekarar da mutum yake bukatar iri ita ce shekarar da ba shi da mai kyau a gonarsa.

Mahaifina da wani amininsa na Taba, can ƙasar Kudan, sun yi wa wannan matsala magani tun kafin a haife ni. Saɓa shekarun shukarsu suka yi. Shekarar da muke da sabon shuka, su suna kan gyauro, sai mu bar musu yanki guda a tsaye, in sun gama gyaran gona su zo su ɗiba. Baɗi kuma su bar mana. Babu ciniki a ciki, babu awo, babu shaida. Alamar kawai ƙulli ce: mai gona ya bi layin da ya ware, ya kama ganyen sanda biyu ya ƙulle su wuri ɗaya, ya yi gaba ya sake ƙullawa, har ƙarshen layi. Duk masu saran rake na ƙasar nan, ko daga ina dillali ya kwaso su, sun san ba a tsallake ƙulli. Tsofaffin suna cewa wai iri ya fi son baƙuwar ƙasa, na Taba ya fi yi a Gazara, na Gazara ya fi yi a Taba. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko kuwa hujjar ziyartar juna suka samu.

Da suka rasu muka gaji fadamun, muka gaji ƙullin. Ɗan wancan tsoho shi ne aminina. Tare muka yi ƙuruciya, domin a zamanin amalanke ba a zuwa ɗibar iri a juyo a ranar, sai an kwana. Muna kan tabarma ɗaya, muna cin tuwo a akushi ɗaya, in aka yi ɓarna bulala ɗaya ake raba mana ba a tambayar ɗan wane gida ne. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, ba ya iya magana a hankali ko a wurin ta'aziyya. Ya sauke Alƙur'ani a gaban kawunsa amma bai yi boko ba, saboda haka ni ne abin tsokanarsa. In ya ga rakena ya karkace sai ya ce ai dole, tunda da Turanci nake yi masa magana. Ni kuma in ce nasa ya yi tsawo ne don yana gudun ihun mai shi. Shi ne babban abokina ranar aurena. Shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifina. Ina faɗin waɗannan ne don kada wani ya ce baƙo na ba amana.

Shekarar da abin ya faru shekarar gajiya ce tun daga farkonta. Taki ya yi tsadar da mutum zai tsaya gaban buhu yana sunkuyar da kai kamar ya ga surukinsa. Man injin ban ruwa ma haka. Amma rake ya yi daraja, saboda da yawa sun kasa shukawa, motoci kuwa suna ta zuwa daga kudu neman kaya. Ni nake kan gyauro, shi yake da sabon shuka. Da ƙarshen damina na hau babur na je Taba, ya zagaya da ni, na ga yankina da idona: layuka masu kyau wajen bakin rafi, ga ƙulli nan reras. Har na karya sanda ɗaya na sha. Ya ce, "Sha a hankali, Malam, irinka kake cinyewa."

Saboda haka da dillali ya zo Gazara na sayar masa da gyaurona kaf a tsaye, ya kawo masu sara suka share, ko sanda ɗaya ban bari ba. Mai ɗakina ta ce mini, ina wanke ƙafa a tsakar gida, "Malam, da ka bar ko layi biyu mana. Ba a san abin da gobe za ta haifar ba." Na ɗago na dube ta. Ina da saurin fushi, ban taɓa musu ba, kuma babu abin da ke tayar mini da shi kamar a nuna shakka a kan abin da na gani da idona. Na ce mata gyauro ba iri ba ne, kuma tun tana goye a bayan uwarta ake kawo iri gidan nan daga Taba, ba a taɓa fashi ba. Ta ce Allah ya huci zuciyata, ta ci gaba da tankaɗe.

Na sa aka tumɓuke tushe, aka tara aka ƙona. Na ɗauko masu shanu suka yi huɗa, na zuba takin gida da na yi wata da watanni ina tarawa, na ba ƙasa ruwa ta yi laushi. In na tashi daga makaranta da azahar ko gida ba na biyawa, da farin alli a hannuna nake kama fartanya. Fadama ta kwanta lumui tana jiran iri. Shi kuwa wannan jira yana da iyaka: in lokacin shuka ya wuce, ruwan rijiyoyin fadama ya ja baya, ɗan tsiron ba ya samun abin da zai kai shi damina.

Ana cikin haka muka haɗu a kasuwar Makarfi. Wannan haɗuwar ce har yau take ci mini rai fiye da duk abin da ya biyo baya. Na hango shi wajen 'yan buhu, na ƙwala masa kira, muka tafa, na ja shi rumfar mai shayi. Burodi ɗaya muka ci, in gutsura ya gutsura. Na ba shi labarin huɗa, na ce masa ranar Asabar zan zo da mota. Ya ce, "Allah ya kai mu." Na lura muryarsa ba ta cika rumfar ba kamar kullum, na tambaye shi ko lafiya, ya ce mura ce. Har na saya masa citta da kanumfari na cusa masa a aljihu. Ashe a ranar nan raken ya daɗe da kaiwa kudu, wataƙila ma an shanye shi an zubar da tuƙar.

Ranar Asabar na ɗauki shatar a-kori-kura, na zuba adduna da igiya a baya. Hantsi ya ɗaga muka isa. Ban bi ta gida ba, na ce wa direba mu wuce fadama kai tsaye, tunda na san hanyar kamar yunwar cikina. Muka sha kwanar da ke bayan tsamiya, sai na ga fili. Daga bakin hanya har rafi ana hango komai, har da masu wanki a ƙetare. Busasshen ganye ne shimfiɗe a ƙasa, da sawun tayar babbar mota da ya nutse a laka ya bushe. Na ce wa direba mun ɓata hanya. Ya ce, "Malam, kai fa ka ce nan ne." Na sauka na taka har inda yankina yake. Tushen har ya fara fitar da ɗan kore, wato ba jiya aka sare ba, ba kuma shekaranjiya ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Abin da na tuna shi ne na tsuguna, na ɗauki wani ganye ina jujjuyawa. Ba fushi ne ya fara zuwa ba. Aikin da na bari a Gazara ne ya fara zuwa, huɗar nan da takin nan da ruwan nan, sai na ji duk tsamin jikinsu ya sauko mini a lokaci ɗaya.

A gidan, mahaifiyarsa na fara tararwa, tsohuwar da nake kira Inna tun ina yaro. Idonta ya yi rauni, ba ta fita. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau. Wa nake ji kamar ɗan Gazara?"

"Ni ne, Inna. Ina gajiya? Yaya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne. Yaya iyali? Yaya 'yan makaranta? Ka zo ɗibar iri ke nan. Madalla, madalla. Allah ya ji ƙan mazan jiya, ga shi abin da suka dasa bai mutu ba. Allah ya sa albarka, ya ba da mai kauri."

Na ce amin. To me zan ce? Ta sa aka dama mini fura, na kurɓa don kada ta ji shiru, na ajiye ƙwaryar. Ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Shi kuwa da na fito na same shi a zaure yana jirana, an gaya masa an ga mota ta nufi fadama. Ya shimfiɗa mini buzu, ban zauna ba.

"Malam, zauna mana mu gaisa."

"Mun gaisa a Makarfi. Ina irina?"

Ya cire hula ya mayar. Sa'an nan ya ba ni labari da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba. Wai dillalin da ya sayi gonar da tirela ya zo. Aka sare duk abin da ba a ƙulle ba, aka loda, mota ba ta cika ba. Dillali ya ce shi ba zai biya kuɗin mota har kudu da guntun kaya ba, ko a cika masa, ko a sauke a nemi wani. Rake kuwa in an sare shi ba ya jiran wani, kwana kaɗan ya fara tsami. Masu sara suka tsaya a bakin ƙulli da addunansu suka ƙi tsallakawa, don su ma sun san ƙa'ida. Shi da kansa ya bi layin ya kwance.

"Na ce a raina zan saya maka wani, wallahi, wanda ma ya fi shi. Da na fita nema sai na tarar kowa ya yi abin da na yi. Kowa ya sayar kaf."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Kullum sai in ce gobe, in na samo."

"Ka bar ni na tumɓuke tushena."

"Ban san ka riga ka tumɓuke ba sai a Makarfi."

"To a Makarfin fa? Bakinka ne ke ciwo? Ka ci burodina, ka karɓi cittata!"

Abin dariya ne yanzu in na tuna, mutum ya rasa irin shekara guda yana ihu a kan citta. Amma a lokacin ita ta fi tsaya mini a wuya. Na faɗi maganganu da yawa a zauren nan, har maƙwabta suka fara leƙowa. Na ce da ɓarawo ne ya shiga ya sare da na ce ƙaddara. Na ce 'yan ƙwadagon da ba su san ubana ba sun ji kunyar ƙullinsa, ɗan da ubana ya ɗauka a kafaɗa bai ji ba. Bai rama ko ɗaya ba. Ya ce in tsaya ya ba ni kuɗin yankin, na ce ya binne su a kunyar gona ya ga ko za su toho. Na fita ban yi wa Inna sallama ba. Direba ya dubi fuskata, ya tayar da mota, har Gazara addunan suna ta ƙara a baya babu abin da ya danne su.

Na sha juya abin a raina. Da ya kira ni daga bakin fadamar nan ya ce ga halin da yake ciki, ban san me zan ce ba. Wataƙila in zage shi in ce ya kwance, wataƙila in ce ya bar mini rabi. Ko ma mene ne, a lokacin tushena yana nan a ƙasa, da na haƙura na lallaɓa na uku, ko bai yi kyau ba ya fi fili. Manomi ne ni, na san yadda zuciya take yi in kaya ya kwanta a mota mai saye yana barazanar saukewa. Sayarwar zan iya fahimta. Shirun ne ya gagare ni, ga waya a aljihunsa ga waya a nawa.

Daga nan sai yawo. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni tafiyar ma ta yi nisa ba ni da gora. Na roƙi hedimasta ya riƙe mini ajina, na hau babur. Na fara da mutanen Gazara, waɗanda muke sallah sahu ɗaya. Wanda yake da ɗan abin da ya ware na kansa ne, ba zan ce ya ba ni ba. Na koma Makarfi wajen 'yan rake, na bi ƙauyukan Kudan ina kauce wa hanyar Taba, na gangara Ikara. Ko'ina amsa ɗaya ce, bayan an gama doguwar gaisuwa an tambayi iyali da gajiya: "Ayya, Malam, ya ƙare. Da ka zo makon jiya." Na ji "da ka zo makon jiya" har na fara zargin duk ƙasar Zazzau baki ta haɗa. Wani ya ce in je wurin ƙaninsa, ƙanin ya ce in je wurin surukinsa, surukin ya ba ni ruwa na sha ya nuna mini fili. A wani ƙauye na hango yanki guda a tsaye, kore shar, na yi murna, na matsa kusa sai na ga ƙulli. Wani ne ya bar wa wani. Na daɗe a kan babur ina kallonsa kafin na tayar.

Kullum in na dawo, mai ɗakina ta kawo ruwa ta kawo tuwo, ba ta tambaya. Ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan sauke wa. Da safe kafin in fita sai in biya fadama in tayar da inji in sake jiƙa kunyoyin da babu komai a cikinsu, don kada ƙasar ta daskare. Mai yana ƙonewa, ciyawa tana samun na banza.

A ƙarshe a wajen Paki na samu, wurin wani dattijo da ba ma noman rake ne sana'arsa ba, ɗan kwari ne gare shi a bayan gari. Gyauro ne sirara, wasu da hudar tsutsa, irin wanda da a gonata na gan shi awaki zan ba. Na saya ina godiya har da durƙusawa. Muka zauna ni da mai ɗakina a tsakar gida muna zaɓe gaɓa gaɓa, mai ido mu ajiye, matacciya mu jefar. Abin da ya tsira bai rufe ko sulusin fadamar ba. Sauran na zuba masa masara don kada a ce na bar gonar ubana ta zama saura, masarar kuwa ta nuna daidai lokacin da kowa ya kawo tasa kasuwa.

Shekarar nan mun ji jiki. Ba sai na jera ba, duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar da aka ƙara wa ruwa don ta kai kowa ya san abin da nake nufi. Ragon da nake kiwo don layya bai ga Sallah a gidana ba. Na rame, na zama mafaɗaci a aji, yara suna hango ni suna shiga taitayinsu. Wata rana na zauna a kujera ina jiran su gama kwafe allo, sai farkawa na yi na ga ajin tsit. Sun bar ni ina barci, ba wanda ya ko ja benci.

Aminina ya yi ta aike. Buhun dankali ya zo ta hannun wani direba, daga baya mazarƙwaila, da azumi kuma gero. Mai ɗakina ta karɓa, don ita ba ta da rigima da abinci, yara suka ci. Ni ban taɓa ba. In ya kira a waya sai in ga lambarsa in bar ta ta yi ta kuka har ta gaji. In muka haɗu a kasuwa kuwa muna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya Inna, ba ma tsallake ko ɗaya. Da can ba haka muke ba, daga nesa yake jefo mini tsokana in mayar masa. Duk wanda ya san mu, da ya ji wannan gaisuwar ya san akwai magana.

Kuma ina kewarsa, wannan shi ne abin haushin. Fushi aiki ne, kamar injin ban ruwa, kullum sai ka tashi ka sake tayar da shi, ni kuwa na gaji. Sau da yawa abin dariya zai faru a makaranta in ce bari in ajiye wa mutumin Taba, sai in tuna.

Da shekara ta zagayo, ɗan rakena ya yi abin da ya iya. Takin da aka tanada don fadama guda kusan shi kaɗai ya ci, saboda haka ya fi ubansa kauri. Yanzu ni ne mai sabon shuka, aminina ne a kan gyauro, shi zai tumɓuke ya nemi iri. Dillali ya zo ya zagaya ya ce duka yake so. Na ce ya je ya dawo. Washegari da sassafe na shiga na fara ƙulli. Ina bukatar iri ni ma, don in rufe inda masara ta zauna, wannan gaskiya ne, kuma shi na gaya wa mai ɗakina. Da ta ji yawan layukan da na ware sai ta ce, "Fadamar taka haihuwa ta yi ne, Malam?" Na ce ta kula da tukunyarta.

Na ɗebi nawa na shuka. Sauran ya tsaya a bakin rijiya da ƙullinsa. Ban aika masa ba. Na ce wanda ya kwance shi zai tako, zumunci ai a ƙafa yake. Amma na shirya tsaf. Na san abin da zan faɗa in ya zo: zan wanke shi tas, in tuna masa ubansa da nawa, in bar shi ya sunkuyar da kai har wuyansa ya yi ciwo, sa'an nan in miƙa masa adda in ce, to sari mana, me kake jira? Daga nan shi kuma ya ce wani abu a kan Turanci, shi ke nan an wuce wurin. Na maimaita wannan a raina a kan babur, a aji, a bakin inji, har na haddace. Kwanaki suna tafiya, ganyen ƙasa ya fara bushewa. Masu nema suka zo suka taya, irin zuwan da na yi wa mutane bara, na ce musu ba na sayarwa ba ne.

Ya zo ana dab da rufe shuka, wata Lahadi da hantsi, a kan babur, a-kori-kura tana bin sa a baya. Ina fadama. Shi ma ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Muka yi gaisuwar nan tamu mai tsawo. Na tambayi Inna, ya ce tana nan, jiki sai a hankali, kullum tana tambayar me ya sa ɗan Gazara ya ɗauke ƙafa. Muka taka zuwa bakin rijiya, ni a gaba shi a baya. Ya tsaya ya dubi layukan. Ya ga ƙullin, na san ya gani, don ya kai hannu kamar zai taɓa ɗaya sai ya fasa. Na gyara murya, maganata tana bakina.

Sai ya riga ni. Bai dube ni ba, raken yake kallo.

"Malam, nawa za ka sayar mini?"

Na juya na nemi wasa a fuskarsa. Na ba shi lokaci ya yi dariya. Bai yi ba. Hannunsa yana cikin aljihun rigarsa, a kan abin da ya ƙunso tun daga gida.

"Me ka ce?"

"Na ce nawa ne. Gara in saya, Malam. Kada ka sake jingina da ni. Na zaci ni mutum ne da ba zai taɓa kwance ƙulli ba, sai ga shi na kwance. Yanzu ban san abin da zan yi ba in mota ta sake ƙin cika."

Duk abin da na haddace ya zube. Da gardama ya zo da ita da na iya da shi, da roƙo ya zo da na fi iyawa. Amma mutum ya zo ya gaya maka gaskiyar kansa, ya sauke kayan da ubansa ya ɗora masa a gabanka ya ce ba zai iya ba, ta ina za ka kama? Na so in ce masa ni ma ai ban san abin da zan yi ba in ta zo mini haka. Na so in ce ya fitar da hannunsa daga aljihu, ya ɗauki adda, mu ci gaba da lallaɓawa haka nan har mu ma mu bi tsofaffin. Na buɗe baki, sai na ji ba ni da sauran ƙarfin jan babban mutum zuwa inda ba ya son komawa. Na faɗa masa yadda ake sayarwa a kasuwar Makarfi.

Ko baƙon da bai taɓa ganina ba zai ce in rage masa. Shi bai nemi ragi ba. Ya zaro kuɗin ya miƙo da hannu biyu, na karɓa. Na ce Allah ya amfana, ya ce amin. Ya yafito direbansa, suka naɗe hannun riga suka shiga. Ni kuma na zauna a bakin rijiya ina kallon su, tunda wanda ya sayar ba ya sa hannu a sara.